Ɗorawar Inna Kulu da Saƙon da Na Haɗiye

Da farko ban yi niyyar sa wannan babi a littafin nan ba. Na riga na tsallake shekarar gaba ɗaya, na wuce zancen komawata Gwarzo da koyarwa, sai ga abin da ƙanena Alhaji Sani ya yi a bikin 'yarsa bayan ƙaramar Sallah. Ku da kuka je kun gani da idonku, waɗanda ba su je ba kuma an tura musu a waya. Ya tara jikoki a tsakar gida, ya gyara zaman babbar riga, wai zai ba su tarihin kakarmu Inna Kulu. Ya ce ta yi shekara ɗari cif, abin da ita kanta ba ta sani ba. Ya ce tunda take ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Sannan ya kawo maganar da ta hana ni cin tuwon bikin.

"Kai, haƙurin Inna ai ba a magana. Ɗorawarta fa, da aka zo sarewa, ko uffan ba ta ce ba. Da yardarta aka sare. Ku 'yan mata sai ku yi koyi."

Mata suka yi ta "Allah sarki", ana ta "Allah ya kai haske kabarinta". Ni kuwa ina kan kujerar roba, haushi ya cika ni. Ƙarya ce. Inna ba ta yarda ba, kuma ba shiru ta yi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni na ƙera ƙaryar nan da bakina, Sani ɗauka kawai ya yi ya sa mata riga yana yawo da ita gidajen biki. Na haura saba'in yanzu, waɗanda suka san gaskiyar maganar duk sun riga mu gidan gaskiya. In na bi su ban faɗa ba, jikokinku za su tashi da wata Inna Kulu ta roba wadda ba a taɓa haifa ba, kuma da sunanta za a riƙa rufe bakin 'ya'yanku mata.

Bari in fara da wannan zancen na ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Wace Innar? Matar da in ta ɗaga murya daga sashenta, mazan da ke hira a zaure sai su rage tasu? Mutuniyar wajen Dugabau ce, iyayenta asalinsu masu shanu ne da suka zauna suka kama noma, aka kawo ta ƙauyenmu a ƙasar Lakwaya. Doguwa ce, fara, marar jiki, tafiyarta kamar ana jiran ta a wani wuri. Duk amaryar da aka kawo gidanmu a hannunta take koyon miya, duk jaririn da aka haifa ita ke fara yi masa wanka, kuma duk rigimar da ta gagari maza a zaure, cikin gida ake shigo da ita, ta yanke ta tana tsince wake ko kai ba ta ɗaga ba. Lokacin da labari ya zo cewa mijin Goggo Delu, ƙanwar mahaifinmu da ke aure a Kabo, ya ɗaga mata hannu, Inna ba ta aiki kowa ba. Da asuba ta ɗaura gyale ta kama hanya da ƙafa, ta je ta zauna a zauren mutumin, ta ƙi shiga, ta ƙi shan ruwansu, har sai da ya fito gaban maƙwabta ya durƙusa ya ba da haƙuri. Wannan ce matar da Sani yake cewa ba ta da baki.

Ni kuwa a ɗakinta na tashi tun daga yaye. Tsakanina da ita wasan kaka da jika ne, irin wanda ba a gajiya da shi. Ba ta taɓa kirana Isa ba, sai Mai gida. Har na yi aure na haifi manyanku, in na shiga gaishe ta sai ta ce:

"Ga Mai gida nan, hannu na dukan cinya. Miji ba cefane, sai dogon wando."

Ni kuma in ce, "Ai na sake ki tun bara, ke ce kika ƙi tafiya. Me zan yi da mata ba haƙori?"

Ta yi dariya har ta share hawaye, ta jawo ƙwaryar fura ta tura mini.

Mutum ɗaya ne a duniya Inna ba ta iya yi wa magana, shi ne mahaifinmu, Malam Sulemanu, domin shi ne ɗanta na fari. Ku 'ya'yan yanzu da kuke goya ɗan fari kuna ɗaukar hoto da shi ba za ku gane nauyin abin ba. A wajen mutanen su Inna, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun da aka yaye shi aka miƙa wa kakarsa. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta amsa masa gaisuwa sai dai wani ya amsa a madadinta. In suka yi kiciɓis a hanyar gona, sai ta ratse cikin dawa ta tsaya har ya wuce. "Mutumin nan" take ce masa. Akwai wani Sule maƙwabcinmu da ya mutu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, Mai rake take ce masa, alhali sau ɗaya ya taɓa noma rake, shi ma bai yi ba. Shi kuma Baba "Tsohuwa" yake cewa. In yana da magana da ita, sai ya zo bayan katangar sashenta ya faɗa wa iska, ya tafi. In tana da amsa, sai ta aika mutum. Haka suka yi shekara sittin da wani abu, kuma ban taɓa ganin uwa da ɗa da suka san halin juna kamar su ba.

Tana da hanyoyinta na yi masa magana ba da baki ba, kuma kowa a gidan ya san su. Wata shekara da ciwon shawara ya kwantar da Baba, Inna ba ta leƙa ɗakinsa ba ko sau ɗaya. Sai dai ta ɗauki tabarma da faifan wake ta je bayan ɗakin, daidai ƙaramar tagar, wai nan ne inuwa ta fi daɗi. Kwana tara tana tsintar waken da tuni ya tsintu, tana ɗan tari jefi-jefi don ya san tana nan. Ranar da ya tashi ya fita zaure, inuwar ta daina daɗi. Ɗaya hanyar kuwa ita ce daddawa.

A tsakiyar babbar gonarmu ta gado akwai wata ɗorawa, mutum uku ba sa zagaye gindinta da hannu. Gonar ta Baba ce, amma itacen na Inna ne. A wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne, ƙasa ta wani, itace na wani, kuma ko gona ta sauya hannu mai itace yana nan da itacensa. Ɗorawar Kulu ake ce mata, har masu kwatancen hanya da ita suke yi. Da bazara in 'ya'yan sun nuna, sai ta tara matan gida da dogayen gorori masu ƙugiya a kaɗo. Garin a ba yara su sha, ɓawon a jiƙa a yi makubar daɓe, ƙwayar kuwa, kalwa ke nan, ita ce tata. Ta dafa ta wuni guda, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe a kwando da ganye har warin ya kori kowa daga sashen, sannan ta daka ta dunƙula ta shanya. Ba ta taɓa kai ko ɗaya kasuwa ba. Duk 'yar gidanmu da ke aure, daga Madadi har Kabo har cikin birni, tana samun ƙullinta kowace shekara. Amma dunƙulen farko, mafi baƙi mafi kyau, a sabon faifai ake jera su a kai wa mahaifiyarmu, ba tare da an ce ga na wane ba. Da daddare Baba zai kai loma ɗaya, ya ɗan dakata, ya ce, "An yi sabuwa ke nan." A koma a gaya mata. Ta ce ita ina ruwanta.

Shekarar da nake ba ku labari ina da talatin da takwas, ina koyarwa a firamare, ina hawa keke, ina ji da kaina. Na yi abota da wani malamin gona a Gwarzo, ya cika mini kunne da sabon irin masara da takin zamani da tarakta. Sani kuwa a lokacin jininsa na tafasa, so yake ya yi arziki kafin kaka. Muka je wa Baba da magana ya ba mu babbar gona mu zuba masara. Ni na yi bayanin, kuma ina so ku riƙe wannan. A zaure, gaban abokan Baba, na ɗauki tsinke na zana gonar a ƙasa, na zana ɗorawar, na nuna musu inda inuwarta ke cinyewa da inda saiwoyinta za su hana tarakta juyawa. Na ce a ƙasashen da suka ci gaba ba a barin itace a tsakiyar gona, kamar na taɓa wuce Zariya. Dattawa suka jinjina kai. Ɗaya ya ce wa Baba, "Malam, ka ga amfanin boko." Na ga Baba ya ji daɗi, ni kuma kaina ya ƙara girma. Cikin mu duka da ke zauren nan babu wanda bai san mai itacen ba.

Washegari da hantsi Baba ya zo bayan katangar Inna, Sani na biye da shi. Ina ciki ina shan fura. Ya yi gyaran murya ya ce:

"A gaya wa Tsohuwa, yara sun kawo shawarar a sare ɗorawa saboda masara. Masu injin yankan itace Asabar za su zo. Itace nata ne. In da magana, a aiko mini kafin nan."

Inna tana tankaɗe. Hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba. Na ji Sani daga waje yana cewa:

"To ai shi ke nan, Baba, ba ta ce komai ba."

Baba ya ce, "Ta taɓa cewa? Kai dai a jira aike."

Da kunnensa Sani ya ji wannan. Shi ya sa in ya tsaya yau yana cewa ko uffan ba ta ce ba, nake jin kamar in tashi in kama wuyan rigarsa. Ya san sarai shirun Inna a gaban Baba ba ya nufin i, ba ya nufin a'a. Ya san aike ake jira. Abin da bai sani ba shi ne an yi aiken.

Kwana biyu ba ta ce komai ba. Ranar Juma'a da safe ta sa aka kira ni. Na shiga da wasana, na ce ko an zo biko ne. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in zauna, ta sa in matso, abin da ba ta saba ba.

"Mai gida, aikenka zan yi wajen mutumin nan. Kai yake jin maganarka."

Na ce to.

"Ka ce da shi, itacen nan ranar da aka raɗa masa suna kakansa ya kira ni ya ba ni, gaban mutane, ya ce tukwicin haihuwa ne. Shi aka karɓe, ita aka bar mini. Ka ce tunda nake ban taɓa roƙonsa komai ba. A bar mini ita har in kwanta dama, ba daɗewa zan yi ba. In na tafi su yi gawayi da ita."

Ta sa na maimaita mata kamar ɗan aji ɗaya. Na maimaita daidai. Ban taɓa sanin asalin itacen ba sai ran nan, kuma na tabbata Baba ma bai sani ba, don wa zai gaya masa? Kakansa ya daɗe da rasuwa, ita kuma ba ta iya faɗa.

Bayan an sauko daga masallaci na nufi zaure da saƙon a bakina. Na tarar da shi cike, abokan Baba duk suna nan, har da wasu baƙi daga Madadi. Ina yin sallama wani ya ce:

"Yauwa, ga mai masara. Malam Isa, zo ka sake zana wa baƙin nan abin nan na ran nan."

Na tsuguna na zana. Na ƙara da abin da ban faɗa ba a karon farko. Da na gama, Baba ya dube ni ya yi ƙasa da murya.

"Daga cikin gida kake?"

Na ce e.

"Tsohuwa ta ba da saƙo?"

Duk zauren ido ya dawo kaina, tsinken yana hannuna, zanen yana gabana. Na ce:

"Ta ce a gaishe ka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri."

Ba tsoro ba ne, kada wani ya yi mini wannan uzurin. Baba ba mai faɗa ba ne, da na faɗa da a take zai ce a aika wa masu inji kada su zo, kuma babu dattijon da zai ga laifinsa. Girman kai ne tsagwaronsa. Ban iya jure a ce malamin makaranta ya yi zane a ƙasa, tsohuwa ta sa ƙafa ta share ba. A hanyar komawa na yi ta lallashin kaina: tsufa ne, za ta manta, kalwa ai tana nan jibge a kasuwa. Na shiga na same ta zaune inda na bar ta.

"Ka gaya masa?"

"Na gaya masa."

"Duka?"

"Duka, Inna."

"Me ya ce?"

"Ya ce ya ji."

Asabar da hantsi ƙarar inji ta tashi. Daga gida ana ji, har tsakar ɗakin Inna. Ba ta tambayi kowa ba. Sai kusan azahar itacen ya faɗi, ƙasa ta amsa, matan gida suka sa salati. Abin takaici, 'ya'yan sun riga sun fito sun yi tsawo, mako uku kawai ya rage su nuna. Ko wannan mako ukun ba mu iya jira ba, wai kada ruwan farko ya riga tarakta. Da la'asar ta ɗauki ƙwarya ta fita, na bi ta a baya kamar ɓarawon da ke taya neman kaya. Ta zagaya rassan tana taɓawa, tana tsinko 'yan waɗanda suka soma nuna ta ɓangaren rana. Ba su cika ƙwaryar ba. Masu inji suna gefe suna shan rake, ɗaya har yana ce mata, "Iya, a yi hankali da reshe." Ta tsaya a kan kututturen ta daɗe, sannan ba ta juyo ba ta ce:

"Mai gida, ka ce ya ce ya ji?"

"Ya ce ya ji, Inna."

Ta ce, "To."

Masara ta yi kyau shekara biyu, ba zan ɓoye ba. Daga nan ƙasa ta gaji, taki ya gagara, muka koma dawarmu. Amma ba wannan ce hasarar ba. Da 'yar kalwar da ta tsinto Inna ta yi dunƙule bakwai, ta aika wa Goggo Delu da sauran 'yan mata, sabon faifai kuwa bai je sashen mahaifiyarmu ba. Baba ya jira, ya jira, har ya tambaya ko bana ba a yi ba. Da ya ji an yi, sai ya ɗauka ƙarancinta ne. Ya je kasuwar Gwarzo da kansa ya sayo buhun kalwa ya sa aka ajiye a ƙofarta. Kwana uku buhun yana nan, kaji na hawa, a na huɗu ta kira matar Mai rake ta ce ta kwashe. Baba ya ce rigimar tsufa ce, a ƙyale ta. Shi yana ganin ta yarda sannan ta dawo tana fushi. Ita tana ganin ta buɗe baki sau ɗaya a rayuwarta ta roƙi ɗanta, ta gaya masa abin da itacen yake a wurinta, ya ce ya ji, ya sa inji. Ni ina tsakiya, ina cin tuwo a nan, ina shan fura a can. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, goben kuma ta fi yau wuya.

A shekara ta uku Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Mako biyu ana jinya. Inna ba ta ɗauki tabarma ba, ba ta ɗauki faifan wake ba, tana sashenta ƙofa a saye. Masu zuwa dubiya suna cewa, "Kai, kunyar mutanen da!" Goggo Delu da ta zo daga Kabo ita kaɗai ta ce wannan ba kunya ba ce, ta shiga ta yi ta roƙo, Inna ta juya mata baya. Kwana biyu kafin ya cika, da rana tsaka, ina yi masa fifita, sai na ga yana karkata kai wajen ƙaramar tagar nan. Ya daɗe yana saurare.

"Isa, Tsohuwa tana bayan ɗaki?"

Na ce, "Tana nan, Baba."

"Ban ji tarinta ba."

"Ta samu sauƙin tarin ne."

Ya rufe ido. Ban sani ba ko ya yarda. A lokacin nan ma da na tashi na taka 'yan takun da ke tsakanin ɗakinsa da nata na durƙusa na faɗi gaskiya, da ta zo. Na san da ta zo. Na ci gaba da fifita.

Bayan sadakar arba'in ta ce a kai ta Kabo wajen Goggo Delu, ba ta sake kwana a gidanmu ba. Matar da ta ce ba daɗewa za ta yi ba sai da ta ƙara shekara goma bayan Baba. Ta ga tattaɓa-kunne, har wasunku ta yi wa wankan farko da hannunta tana lalube, don idon ya tafi. Bakin dai bai mutu ba, ko likitan da ya duba ta sai da ta ce masa hannunsa sanyi kamar na mai sayar da ƙanƙara. Ina zuwa duk ƙarshen wata, tana ce mini Mai gida, muna wasanmu, ina komawa Gwarzo da abin a ƙirjina. Daddawa kuwa ba ta sake yi ba, kuma in aka ambaci Baba sai ta ce a miƙo mata buta.

A damunarta ta ƙarshe Goggo Delu ta aiko cewa jikin ya yi nauyi. Na je da hantsi na same ta an fito da ita rumfa tana jin ɗumin rana, ta ƙanƙance, carbi a hannu. Ta gane takuna.

"Mai gida ne? Ka zo rabon gado tun ban mutu ba? Tabarma ce da buta, sai ka zaɓa."

Na durƙusa na ce Goggo ta zauna ta zama shaida. Na faɗa duka, tun daga zanen ƙasa har gaisuwar da na kai a maimakon saƙo, har abin da na ce wa Baba a kan tarinta. Ban nemi gafara ba sai da na kai ƙarshe, don kada ta yafe tun ba ta ji girman abin ba. Goggo Delu ta ɗora hannu a ka tana salati, tana cewa, "Isa, ka cuce mu. Isa, ka cuci Yaya." Inna ba ta motsa ba. Carbin ya tsaya a hannunta. Kaza ta zo ta wuce ta kan tabarma ba wanda ya kore ta. Can ta ce, a hankali:

"Ya tambaya ko ina bayan ɗaki?"

Na ce ya tambaya.

Ta juya fuskarta wajen katanga. Leɓenta ya yi ta motsi kafin murya ta fito, kamar mai gwada abin da bai taɓa ɗauka ba.

"Ashe Sulemanu bai ji ba."

Goggo Delu ta fashe da kuka. Ta haura saba'in a lokacin, kuma ran nan ta fara jin sunan yayanta a bakin uwarsu. Inna ta sake faɗa, ta kuma faɗa, tana shafa tabarma da tafin hannu. "Sulemanu. Sulemanu bai ji ba." Hawaye na bin kuncinta, amma wallahi fuskar ta saki, irin sakin da ban gani ba tun ranar da inji ya shiga gona. Shekara goma sha uku na bar ta tana riƙe da ɗanta a zuci a kan laifin da bai yi ba.

Wannan ce Inna Kulu da Sani yake rabawa a gidan biki a matsayin mai shiru. Duk wanda ya sake gaya muku da yardarta aka sare ɗorawa, ku buɗe masa shafin nan ko da bayan raina ne. Ta yi magana, ta bi hanyar da aka shimfiɗa mata, ta zaɓi wanda ta fi amincewa da shi ta aika. Ku 'yan mata kuwa, in za ku yi koyi da ita, ku yi koyi da tafiyarta Kabo da ƙafa.

Na ce mata, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Nawa na yafe. Nasa kuma sai ka je ka same shi."

Na daɗe a durƙushe, ina jiran ta ƙara ko da zagi ne. Da na ga rana ta take, na yi ƙarfin hali na jawo wasanmu, ko zai buɗe mini ƙofa. Na ce to matata, zan koma, me za a sayo miki? Ta gyara gyalenta ta lalubo carbin.

"Ka gaida gida, Malam Isa."

Ta yi wata biyu bayan nan. Na je sau huɗu, kuma duk zuwan da haka ta sallame ni.